Yadda Ake Kai Magana Mai Nauyi Har Ta Isa

Mutum zai shirya tun da hantsi, ya sa babbar riga, ya hau babur har wata unguwa don ya tuna wa kawunsa kuɗin da ya ranta masa bara. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwa, a taɓa hirar damina da tsadar taki. Can sai ya ɗan gutsura cewa yara sun kusa komawa makaranta, al'amura kuma sun yi tsauri. Kawu ya ce, "Wallahi ko'ina haka ne, sai dai addu'a." A yi sallama. Ya koma gida, uwargida ta tambaye shi ko ya faɗa, ya ce, "Ai ya gane." Bayan wata uku ba kuɗi ba dalilinsu. Shi yana ganin an raina shi, kawu kuwa har ga Allah ya ɗauka yaron zumunci ya zo yi.

Wannan "ai ya gane" ta raba mutane fiye da zagi. A 1990 wata ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Elizabeth Newton, ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta sa wasu mutane su riƙa ƙwanƙwasa kiɗan sanannun waƙoƙi da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi kowace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawa sun yi tsammanin za a canki rabi. Cikin waƙoƙi 120, guda 3 kacal aka canka. Mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, da muryar mawaƙin da komai, shi kuwa na gefe ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Duk wanda ya kwana da magana a ransa haka yake. Ya juya ta har ta zame masa a fili, sai ya zaci ɗan abin da ya furta ya wadatar.

Kafin ka sa takalmi

Ka fara tambayar kanka abin da kake so ya faru bayan an tashi daga zaman. In ba za ka iya faɗinsa cikin numfashi ɗaya ba, ba ka shirya ba tukuna. "Ina so Kawu ya ba ni naira dubu 200 ɗin nan, ko rabinsu, kafin ƙarshen watan gobe." Akwai abin da ake nema a ciki, akwai adadi, akwai lokaci. Wannan ita ce ƙwayar maganar, sauran duk sutura ce. Ka kuma bincika ko gyara kake nema ko huce haushi. In huce haushi ne, nemi amininka ka amayar masa, ka kwana, sannan ka sake shawara.

Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin gwamnati a Arewa zamanin mulkin mallaka, daga baya ya koyar a Zariya da Oxford, ya fitar da ɗan littafi a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Cikin halayen da ya lissafa akwai gaskiya, akwai kunya. Ba mai musun ko ɗaya. Sai dai ranar magana mai nauyi kowace tana jan rigarka ta nata gefen, kuma yawancinmu kunya muke bari ta ci. A ganina raba musu aiki ya kamata a yi. Kunya ta zaɓi wanda zai je, da lokacin zuwa, da muryar da za a yi magana, da ƙofar da za a shiga ta ciki. Amma in an zo kan ƙwayar maganar, gaskiya ce ke da wurin, kuma ba a gutsure mata komai.

Da kanka, ko da bakin wani

Mu mutane ne masu magana ta bakin wani. A fada, in ka faɗi ka yi gaisuwa, fadawa ne ke amsa maka cewa sarki ya gaishe ka. Saurayi ba ya zuwa neman aure da kansa, baffanninsa da kawunnansa ke zuwa. In mace ta yi yaji, sau da yawa ba mijin kaɗai ke zuwa biko ba, yakan nemi wani babba ya shige masa gaba. Edward Hall, masanin al'adu ɗan Amurka, ya bambanta a 1976 tsakanin al'ummomin da ke zuba kusan dukkan ma'ana a cikin kalmomi, irin Jamusawa, da waɗanda ke barin kaso mai yawa a cikin waye ya faɗa, ga wa, a ina, irin mutanen Japan. Ba sai an faɗa maka ɓangaren da muka fi kusa da shi ba.

Amfanin ɗan aike babba ne. Yana ba wanda aka je wa damar ya ce a'a ba tare da an haɗa ido ba, kai ma ka ji a'ar ba tare da an ga fuskarka ba, gobe ku haɗu a masallaci ku gaisa kamar ba a yi ba. Maganar da ta shafi surukinka, ko mahaifinka a kan abin da kunya ba za ta bar ka ka furta ba, ko wanda ya girme ka nesa ba kusa ba, wannan hanyar ta fi. Illarsa ita ce kowane baki da magana ta bi sai ya rage mata wani abu ko ya ƙara.

Don haka ka zaɓi wanda mutumin ke jin nauyinsa, sa'ansa ko amininsa, wanda ba shi da wata riba a cikin lamarin, kuma bakinsa ba ya yoyo. Ka ba shi ƙwayar maganar yadda ka tsara ta. Ka gaya masa inda za ka iya sassautawa da inda ba za ka iya ba, don kada ya je ya yafe abin da ba nasa ba. In ya dawo, kada ka tsaya a kan "an yi magana, komai ya daidaita." Ka ce, "Baba, shi me ya ce da bakinsa?" Dattijon kirki yana tausasa magana a tafiya, ya kuma tausasa ta a dawowa, har ta kai kowane ɓangare ya zaci ɗayan ne ya sauko. Irin wannan sulhu ba ya kai wata guda.

Akwai kuma inda zuwa da kai ya fi aike: laifin da kai ka yi wa sa'anka, da duk abin da ya shafi asirin mutum. Ranar da ka sa na uku a maganar da ke tsakaninka da matarka, wadda ba ta kai a kira kowa ba, ka ƙara mata wani ciwon a kan na farko.

Lokaci da wuri ba sa buƙatar dogon bayani, kowa ya san su, mantawa ake yi. Claude Shannon, injiniyan da ya tsara lissafin aika saƙo ta waya a 1948, ya nuna cewa tsakanin mai aikawa da mai karɓa akan sami hayaniyar da ke iya cin wani abu daga saƙon. Tsakanin mutum da mutum, hayaniyar ita ce yunwa, da gajiya, da sauri, da idon jama'a. Kada ka tari magidanci yana shigowa daga kasuwa ko takalmi bai cire ba. Kada ka tayar da zancen kuɗi da la'asar sakaliya a watan azumi. Mafi muni shi ne majalisa. Mutumin da aka yi wa gyara a gaban abokansa ba ya jin gyaran, mutuncinsa yake karewa, kuma zai musa abin da ya san gaskiya ne. Malamai sun daɗe suna cewa nasiha a keɓe ake yin ta.

Gaisuwa, da ƙofar da ke bayanta

Masu gaggawa suna ganin doguwar gaisuwarmu ɓata lokaci ce. A wurin mai magana mai nauyi kuwa nan ne ake auna ruwa kafin a shiga. Amsar "ina kwana" da "yaya iyali" sananniya ce, lafiya lau ce ko da gidan na ci da wuta, saboda haka ba kalmar za ka saurara ba, yadda ta fito za ka saurara. "Muna nan dai" da aka ja da ajiyar zuciya daban take da "lafiya ƙalau, alhamdu lillahi." In ka tambayi mai jiki aka ce "da sauƙi" a gajarce aka kau da kai, wataƙila babu sauƙin. Ka tarar da rashin lafiya a gidan, ko an yi musu asara, to naɗe maganarka ka mayar aljihu, ka mai da zuwan dubiya. Ba ka yi asarar tafiya ba, don zuwanka na gaba zai tarar da wuri a shimfiɗe.

In komai lafiya, gaisuwa za ta ƙare, a ɗan yi shiru, sai mai gida ya ce, "To, lafiya dai ko?" ko "Allah ya sa lafiya." Ƙofar ke nan an buɗe maka. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Sai su ce, "Lafiya lau, gaisuwa ce kawai," su ƙara rabin awa ana hirar siyasa, sai an rako su bakin ƙofa suna laluben takalmi sannan su ce, "Af, na kusa mantawa." Ƙaramar buƙata tana jure wannan. Babbar magana ba ta jurewa, don ba a zauna mata ba, kuma mutumin yakan ji kamar kwanton ɓauna aka yi masa. Rakiya tana da amfani ne in ka tarar da baƙi a zauren. Nan sai ka jira a rako ka, ka ce, "Kawu, akwai 'yar maganar da nake so mu zauna, yaushe zan same ka kai kaɗai?"

Ga yadda shigar za ta iya kasancewa in an buɗe ƙofar:

"Lafiya lau Kawu, sai alheri. Gaisuwa ce, sannan da 'yar magana, in ba za a ga rashin kunyata ba."

"Haba, faɗi mana. Ai nan gidanku ne."

"Kan dubu 200 ɗin nan ne na bara, na lokacin taki. Wallahi da da hali da ban tayar da zancen ba. To kuɗin makarantar yara ya taso, ƙarshen watan gobe za a rufe karɓa. Shi ne na ce bari in zo da kaina in ji ko za a samu kafin lokacin, ko da rabi ne."

Duba abin da ke ciki. An nemi izini, an ambaci adadi da lokaci ba kwana-kwana, kuma an bar wa kawu hanyar fita da mutuncinsa, wato rabin. Mai maganar ya fara da halin da shi yake ciki, bai fara da abin da kawu ya kasa yi ba. Thomas Gordon, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na tarbiyyar yara na 1970: wanda aka ce masa "ka ƙi biyana" zai tashi kare kansa, wanda aka ce masa "na shiga matsi" yana da sararin ya taimaka. Farkon maganar kuma shi ne kusan komai. John Gottman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington sun ɗauki hoton sababbin ma'aurata suna tattauna saɓaninsu, suka bi rayuwarsu shekaru, suka ba da rahoto a 1999 cewa daga mintuna 3 na farkon zancen ana iya hasashen waɗanda aurensu zai mutu. Maganar da aka buɗe da zargi da wuya ta rufe da fahimta.

Ka guji "kullum" da "ba ka taɓa," don mutumin zai nemo rana ɗaya da ya taɓa, zance ya koma kan ranar. Ka guji tone-tone, magana ɗaya ka zo da ita. Habaici kuwa, da gugar zana da shaguɓe, gwaninta ce ta harshe, ni ma ina jin daɗinsu a bakin taubasai ko tsakanin Bafulatani da Babarbare. Amma an ƙera su ne don mai yi ya iya cewa "ni ba da kai nake ba." Makamin da ya ba ka damar musun abin da ka faɗa ya ba shi damar musun cewa ya ji. Habaici bai taɓa karɓo bashi ba.

In ka faɗa, yi shiru

Wannan ya fi duk sauran wuya. Ka sauke maganar, kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi, shirun ya yi maka nauyi, sai ka ji bakinka yana cewa, "Amma fa ba komai, in babu ma a bar shi kawai." Ka rushe ginin da hannunka. Shi kuwa zai riƙe wannan ta ƙarshen, don ita ta fi masa daɗi, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Bar shirun ya yi aikinsa. Dattijo yana lissafi ne.

Sannan ka saurari amsar da kunne biyu. Da wuya babba ya ce maka a'a ƙarara. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009, kan hirar yau da kullum a harsuna 10 daga nahiyoyi daban-daban, ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma a dukkan harsunan amsar amincewa ta fi ta ƙi saurin fitowa. Kunnenka ya riga ya san haka. "To" da ta fito nan take daban, "tooo" da aka ja bayan an nisa daban. "Bari mu gani," "Allah ya hore," da "in sha Allahu" da ba a ɗaura mata rana ba, duk suna iya zama alkawari, suna kuma iya zama sallama cikin ladabi. Ba ka da ikon ƙure babba, amma kana da ikon ka miƙa masa rana cikin girmamawa: "To Kawu, in leƙo Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci?" In ya amsa, kun yi magana. In ya sake zamewa, ka sami amsarka ba tare da an kunyata kowa ba, sai ka koma ka yi tunanin wanda za ka aika.

Game da ido, a yi hattara da littattafan koyon magana da ake kawowa daga Turai da Amurka, masu cewa ka kalli mutum cikin ido don ya san kai mai gaskiya ne. Yaron da ya ƙura wa mahaifinsa ido yana magana, tsaurin ido ya yi. Budurwar da ta sunkuyar da kai gaban surukarta ba laifi take ɓoyewa ba. Haka nan ƙididdigar nan da masu shirya bita ke so, wai kashi 7 cikin 100 kacal na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967 aka samo ta, kuma shi kalma ɗaya tak ake furtawa a gwajin nasa, ana auna ko mai furtawar yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so. Shi da kansa ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa ta kan kowace irin magana. Da gaskiya ce, da alhazanmu ba su nemi tafinta a kasuwannin Makka ba. Abin da ya tabbata shi ne in baki ya ce "ba komai" fuska kuma ta ce akwai, mutane fuskar suke gaskatawa. Kai ma ka gaskata ta, amma ka nemi baki ya tabbatar: "Yaya, na ga kamar maganar ba ta yi miki daɗi ba."

Wata rana kai za a zo wa da maganar. A 1984 masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawa 74 tsakanin likita da majinyaci. Sun tarar cewa a yawancinsu likita yana katse mara lafiya kafin ya gama faɗin abin da ya kawo shi, a matsakaici bayan daƙiƙa 18. Kuma abin da mutum ya fara ambata ba lalle ne shi ya fi damunsa ba. Ga wanda kunya ta sa ya faro daga nesa, abin ya fi haka tsanani: ƙanwarka da ta fara da zancen tsadar gawayi wataƙila maganar mijinta ta kawo. Ka ajiye waya, ka bar ta ta zagayo, kana "na'am," kana "ikon Allah," har ta iso. In ta gama, kafin ka ba da shawara, mayar mata da abin da ka ji da naka kalmomin: "Wato wata biyu ke nan bai ba da kuɗin cefane ba, kuma ba kya so Baba ya ji." In ka kuskure za ta gyara maka nan take, in ka dace za ta san an ji ta. Sau da yawa ma iyakar abin da ta zo nema ke nan.

Daga sama zuwa ƙasa

Maigida da yaronsa matsalarsu ta juye. Tela ya yi wa almajirinsa bayanin ɗinki, ya ce, "Ka gane?" Yaro ya ce, "Na gane, maigida." Wannan amsa ba ta da nauyin komai, don ba yaron da zai ce wa maigidansa bai gane ba. Ka ce, "To faɗa min yadda za ka yanka." Minti ɗaya ne, ya fi asarar shadda yadi 5.

Matuƙan jirgin sama da jini suka sayi wannan darasi. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba. Kalmomin da aka yi musaya da hasumiya masu harshen damo ne, wani sashe kuma ya ɓace saboda muryoyi biyu sun hau kan juna a rediyo. Injiniyan jirgin ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin. Kyaftin, wanda yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniya bai sake magana ba. Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idar kalmomin da ake amfani da su, aka keɓe kalmar tashi ga lokacin ba da izini ko soke shi, aka kuma shiga horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba, babba kuma ya saurara.

Ko'ina akwai wannan kujerar injiniyan: yaron mota da direba, nas da likita, ƙaramin ma'aikaci da shugabansa. In kai ne babba, ka sani "anya kuwa, ranka ya daɗe?" daga bakin na ƙasa da kai ihu ne, ladabi ya rage masa ƙara. Tsaya ka ce, "Me ka gani?" In kai ne ƙarami, fara da tambaya kamar yadda aka saba, amma in ba a ji ba kuma akwai rai ko dukiya a ciki, sai ka faɗa a fili da girmamawarka: "Maigida, tayar baya ta yi sanyi, kada mu hau titi a haka."

In zance ya yi zafi, murya ta fara tashi, ba a ci gaba. Malamai suna koyar da mai fushi ya yi shiru, ya zauna in a tsaye yake, ya yi alwala. Gottman ma, daga auna bugun zuciyar ma'aurata, ya ba da shawarar a rabu na aƙalla minti 20 kafin a koma. Sai dai kada ka fice fuu. Ka ce, "Raina ya ɓaci, ba na so in faɗi abin da zan yi nadama. Bari in dawo bayan isha'i." Ka kuma dawo ɗin. In kai ne da laifi, ambaci laifin da sunansa. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba ta ɗauki alhakin komai ba. "Na yi maka tsawa a gaban yaranka, ban kyauta ba" ita ce ake yafewa.

Waya, da labarin da ya fi kowane nauyi

Saƙon WhatsApp ba shi da fuska, rubutaccensa ma ba shi da murya. Justin Kruger da Nicholas Epley sun nuna a 2005 cewa masu aika saƙon imel suna cika yarda cewa za a gane gatse ko wasan da suka yi, fiye da yadda ake ganewa a zahiri. Saƙon murya kuma da ka yi cikin fushi yana nan ajiye, ana iya tura wa dangi gaba ɗaya kafin ka huce. Yi amfani da waya wajen neman lokacin zama, sannan bayan an zauna ka tura abin da aka tsayar a taƙaice, musamman adadi da rana, cikin lafazin godiya: "Kawu na gode da karɓar da aka yi min, Allah ya kai mu Juma'ar." Tsakiyar maganar dai a yi ta ido da ido.

Labarin rasuwa ne kaɗai sau da yawa ba ya jiran a haɗu. Al'adarmu ita ce a ce wa na nesa, "Jikin Baba ya yi tsanani, ka taho." Akwai hikima a ciki, don ba a so mutum ya kama hanya a gigice. Likitocin cutar daji ma, a wani tsari mai matakai 6 da Walter Baile da Robert Buckman da abokansu suka wallafa a 2000, sun koyar da a fara share fage da ɗan gargaɗi kafin a sauke mummunan labari. Amma su sun ce bayan gargaɗin a faɗi abin da kalmar da ba ta da harshe biyu. Yau ɓoyewar ta rage amfani. Muna binne mamaci cikin sa'o'i, wanda aka ce wa "jiki ya yi tsanani" yana iya cewa bari ya gama aiki ya taho gobe, ya rasa jana'izar mahaifinsa. Ko kuma yana cikin mota ya buɗe Facebook ya ga hoton Baba da addu'a a ƙasa, daga hannun wanda ko sunansa bai sani ba.

Abin da ya fi shi ne a fara kiran wani da ke kusa da shi, abokin aiki ko maƙwabci, a ce ya je ya tsaya tare da shi. Wanda zai faɗa ya zama babba a gidan, mai iya riƙe muryarsa. Ya fara da, "Kana ina? Tuƙi kake?" In tuƙi yake, ya gangara ya tsaya tukuna. Sannan, "Ka san jikin Baba tun shekaranjiya. To sai haƙuri, Allah ya yi masa rasuwa ɗazu da asuba." Kada a tsaya a "sai haƙuri" kaɗai, kada a ce "ya tafi," don zuciyar da ba ta son ji za ta nemi wata fassara. A bar shi ya yi salati, ya yi kuka in zai yi, ba a cika masa kunne da bayanin asibiti. Lokacin jana'iza da wurinta a faɗa sau biyu, a kuma tura a rubuce ga wanda ke tare da shi, don abin da aka faɗa wa mutum a mintunan nan ba ya zama. A hana shi tuƙa kansa in da hali. A cikin gida kuma a sa mutum ɗaya ya riƙe jerin 'ya'ya da 'yan'uwan mamacin na jini, ya gaya wa matasan gidan kada kowa ya sa komai a waya sai ya ce an gama sanar da na ƙarshe.